Dabbobi a Matsayin Alamomi da Laƙabin Jam'iyyun Siyasa

Jam'iyyun siyasa da dama a duniya an fi sanin su da wata dabba, ko dai wadda suka zaɓa da kansu don nuna ƙarfi da kwarjini, ko kuma wadda abokan hamayya suka laƙaba musu da nufin izgili har ta bi su.

Misalin da ya fi shahara shi ne na Amurka. A zaɓen shugaban ƙasa na 1828, masu adawa da Andrew Jackson, ɗan takarar jam'iyyar Dimokurat, sun kira shi jaki don su nuna taurin kansa, shi kuwa maimakon ya fusata sai ya rungumi sunan. Bayan shekaru, mai zanen barkwanci Thomas Nast ya farfaɗo da jakin a mujallar Harper's Weekly a 1870, sannan a 1874 ya zana wata giwa a firgice tana gab da faɗawa rami, ya rubuta a jikinta cewa ita ce ƙuri'ar 'yan jam'iyyar Rifablikan. Daga nan jaki ya zauna wa jam'iyyar Dimokurat, giwa ta zauna wa Rifablikan, duk da cewa babu ɗaya daga cikin zanen biyu da aka yi don yabo.

A Afirka da Asiya lamarin ya fi nauyi, domin a lokacin neman 'yancin kai yawancin masu zaɓe ba su iya karatun boko ba, don haka hoton da ke jikin akwati ko takardar ƙuri'a shi ne sunan jam'iyya a wurinsu. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne, tunda ya bai wa manomi da makiyayi damar zaɓen wanda yake so ba tare da wani ya karanta masa ba. Zakara, mai shelar wayewar gari, ya samu karɓuwa ƙwarai: ya zama alamar jam'iyyun NCNC a Nijeriya, da CPP ta Kwame Nkrumah a Gana, da KANU a Kenya. A Nijar, jam'iyyar PPN-RDA ta riƙi giwa, Sawaba ta Djibo Bakary ta riƙi raƙumi. A zaɓen 12 ga Yuni, 1993 a Nijeriya kuwa, doki ne alamar SDP, mikiya ta NRC. A Indiya, jam'iyyar BSP da Kanshi Ram ya kafa a 1984 tana amfani da giwa.

Akwai kuma laƙabin da ba na jam'iyya ɗaya ba. A muhawarar yaƙi, musamman tun zamanin yaƙin Biyetnam, akan kira masu goyon bayan amfani da ƙarfin soja shaho, masu neman sulhu kuma kurciya, kuma sau da yawa akan sami ɓangarorin biyu a cikin jam'iyya guda.