Waiwaye: Wa ke da Bakin Magana a Taron Makaranta a Katsina?

A makarantun gwamnati da dama na Jihar Katsina akwai kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wanda aka fi sani da SBMC. Sunayen mambobinsa na rubuce, wani lokaci ma an manna su a bangon ofishin hedimasta. Abin da ba kasafai ake samu a rubuce ba shi ne ƙa'idar magana: uba ko uwar da ba su cikin kwamitin, yaushe za a ba su dama su faɗi damuwarsu, kuma wa zai ba su amsa? Wannan giɓi ya daɗe, tun daga yadda boko ya shigo mana.

Boko daga sama ya sauko. A 1922 Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, a ginin da yanzu ya zama gidan tarihi. Nan su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu, kuma zaɓo ɗalibai ake yi daga lardunan Arewa. Makarantun elemantare kuwa suna hannun En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta sarakuna. A gaya wa hakimi yawan yaran da ake nema daga ƙasarsa, shi ya sauke wa dagatai, su kuma su sauke wa masu unguwanni. Uban yaro umarni yake karɓa, ba shawararsa ake nema ba, shi ya sa wasu suka riƙa ɓoye 'ya'yansu ko su tura su wajen dangi a wani gari.

Abin lura shi ne, mutanen nan ba baƙin harkar karatu ba ne. Garin da ke da hasumiyar Gobarau ya san ilimi tun kafin Bature ya zo. A makarantar allo uba da hannunsa yake kai ɗansa, ya san malam, malam ya san shi, yana aika kuɗin Laraba, in kuma ya ga abin da bai gamsu da shi ba sai ya sallama a zaure bayan sallar isha'i ya ce, "Allah gafarta malam, na zo ne kan yaron nan." Ƙofar magana a buɗe take ba tare da wata takarda ba. Makarantar boko ba ta zo da irin wannan ƙofa ba.

A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi da ya kawo ƙarshen mulkin En'e, aka kuma ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE. Azuzuwa suka bazu har ƙauyuka, amma sunan da ya bi su shi ne "makarantar gwamnati", wato kayan wani. Da kuɗin man fetur ya ja baya a farkon shekarun 1980, albashin malamai ya fara makara, rufin azuzuwa ya fara kwarewa, sai aka tuna da iyaye. Ƙungiyar iyaye da malamai, PTA, ta yi aiki sosai a lokacin, ta sayi alli da benci, ta gyara ajujuwa. Sai dai ta koya wa mutane cewa in an kira taro to kuɗi za a yanka. Har Katsina ta zama jiha a 1987 haka abin yake, kuma har yau akwai iyayen da in yaro ya kawo takardar gayyata tambayarsu ta farko ita ce, "Nawa ne?"

Sauyin gaske ya biyo bayan shirin ilimin bai-ɗaya na UBE na 1999 da dokarsa ta 2004, wadda ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole. Ba da jimawa ba Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince kowace makaranta ta kafa SBMC. An ware kujeru ga basaraken gari, malaman addini, wakilan mata, matasa, masu sana'a, tsofaffin ɗalibai, PTA, har da ɗalibai mace da namiji. Katsina na cikin jihohin da shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF ya yi aiki, inda aka horar da kwamitocin aka kuma kafa ƙungiyoyin iyaye mata. Tana kuma cikin jihohi bakwai na farko da shirin AGILE na Bankin Duniya, mai tallafa wa karatun 'yan mata, ya ɗauka a 2020, wanda ke tura kuɗin gyaran makaranta ta hannun waɗannan kwamitoci. Da kuɗi ya shiga asusu, zancen wa ke magana a taro ya ƙara nauyi.

To amma yaya taron yake gudana? A buɗe da addu'a, shugaba ya yi jawabi, hedimasta ya karanta rahoto, manyan gari su tofa albarkacin bakinsu ɗaya bayan ɗaya. Kafin a ce "ko akwai mai tambaya" la'asar ta gabato. Mata na can baya a kan tabarma, in ma an yi taron a lokacin da za su iya fitowa. Yarinyar da ke wakiltar ɗalibai tana zaune gaban malamin da zai shiga ajinsu gobe, ta yaya za ta ce ba ya zuwa aiki? Girmama na gaba tarbiyyarmu ce, ban kuma ga laifinta ba. Amma inda babu ƙa'ida, wannan tarbiyya kan sa mai ƙaramin ƙarfi ya koma gida da maganarsa a ciki, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A Amurka, inda a yawancin gundumomi jama'a ke zaɓen mambobin hukumar makarantu, an daɗe da rubuta wannan. Jihar Kalifoniya na da doka tun 1953 da ta wajabta wa hukumomin gari yin taro a bainar jama'a. Galibi mai son magana yakan rubuta sunansa, a ba shi minti biyu ko uku. Su ma ba su tsira daga rigima ba, domin a 2021 tarukan nasu sun yi zafi kan takunkumin korona. Ba sai mun kwafo nasu ba, amma auna lokaci daidai wa daida abu ne da ya dace da mu.

Bayan sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disamban 2020, an rufe makarantun kwana, kuma zancen katanga da mai gadi da hanyar da yara ke bi ya zama na rai da mutuwa. Iyaye da maƙwabtan makaranta su ne ke fara ganin baƙuwar fuska. A ganina hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi 34 za su iya fitar da ƙa'ida mai shafi ɗaya da Hausa: a sanar da taro mako guda kafin ranar, ta masallaci da bakin mai unguwa, a sa lokacin iyaye a farkon zama kafin jawabai, a bai wa mata zamansu daban in sun fi so, wakiliyarsu ta kawo abin da suka ce, ƙorafi kan wani malami a miƙa shi a keɓe don kare mutuncinsa da na yaron. Sakatare ya rubuta kowace tambaya da sunan wanda zai bi ta, a kuma karanta amsar a taro na gaba kafin a shiga sabon batu.