Waiwaye: Daga Tsunami Zuwa Ambaliyar Logon, Yadda Labari Ke Tsirar da Yara

A ranar 26 ga Disamba 2004, girgizar ƙasa mai tsanani ta auku a ƙarƙashin teku kusa da tsibirin Sumatra na ƙasar Indunusiya, ta taso da igiyar ruwan da ake kira tsunami, wadda ta hallaka mutum kimanin 230,000 a ƙasashe 14. Tsibirin Simeulue yana cikin wurare mafi kusa da inda ƙasar ta girgiza, amma cikin mazaunansa kusan 78,000 mutum bakwai kaɗai aka rasa, alhali babu wata na'urar gargaɗi da ta sanar da su. Abin da suke da shi labari ne da suka gada tun 1907, shekarar da irin wannan igiya ta cinye jama'a masu yawa a tsibirin. Waɗanda suka tsira a wancan karo sun laƙaba wa bala'in suna smong, suka sa shi cikin hira da waƙoƙin reno, har kowane yaro ya tashi da sanin cewa idan ƙasa ta girgiza, teku kuma ya ja da baya, ba a tsayawa tsintar kifi, tudu ake nufa da gudu. Shekara 97 labarin yana bin bakin kakanni kafin ranar amfaninsa ta zo.

Mutanen Japan sun riga su fara irin wannan aiki. A Disamba 1854 (ranar 5 ga wata na 11 a tsohuwar kalandar Japan), da tsunami ta faɗa wa ƙauyen Hiro, wani attajiri mai suna Hamaguchi Goryo ya cinna wa dammunan shinkafa wuta domin waɗanda duhun dare ya ruɗa su ga hanyar hawa tudu. Daga baya marubuta sun ƙara wa labarin gishiri, kamar yadda kowane mai ba da labari yake yi, kuma ya shiga littattafan firamare a 1937. Saboda shi ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 5 ga Nuwamba, a shekarar 2015, ta zama ranar wayar da kai game da tsunami. Sai dai Japanawa ba su tsaya ga labari kawai ba, sun haɗa shi da gwajin gudu a makarantu, shi ya sa a ranar 11 ga Maris 2011, da wata babbar tsunami ta faɗa wa ƙasar, kusan dukkan ɗaliban garin Kamaishi, su wajen 3,000, suka tsira, manya riƙe da hannun ƙanana.

Mai karatu a Marwa ko Kusuri, a arewacin Kamaru, zai iya cewa ina ruwan biri da gada, tunda tsakaninmu da teku tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita. Gaskiya ne tsunami ba za ta zo mana ba, amma ruwa ya san hanyar gidajenmu. A 2012 ambaliya ta mamaye yankunan Garwa da Maga, aka saki ruwan madatsar Lagdo, kogin Binuwai ya yi ɓarna har cikin Najeriya. A 2022 kogunan Shari da Logon sun cika sun batse, unguwannin Njamena da Kusuri suka koma sai da kwalekwale. Ta 2024 ta fi muni, domin a Chadi kaɗai an rasa rayuka fiye da 500, ta shafi mutum kusan miliyan biyu, a Yagwa ta Kamaru kuma ruwa ya karya gada ya shiga makarantu daidai lokacin komawa karatu.

Akwai kuma haɗarin da ya fi kama da tsunami wajen zuwa ba sallama, wato na mayo, rafukan da ke bushewa da rani su zama filin ƙwallo da wurin ɗiban yashi. Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga da suka ratsa Marwa daga duwatsun Mandara suke samun ruwansu, saboda haka ana iya tafka ruwan sama a can, a nan gari rana na haske, sai kawai ruwa ya gangaro da ƙarfi ya tarar da yara a tsakiyar yashi.

Mu ma ba baƙi ba ne wajen tsare yara da baki. Tun kaka da kakanni, idan an yi sallar isha'i tsohuwa ta ce ga ta nan ga ta nanku, jikoki suka amsa ta zo mu ji ta, cikin abin da take dasa musu har da tsoron Dodon da ke cikin rijiya ko gulbi, kuma babu shakka wannan tsoro ya hana yara da yawa leƙa inda bai kamata ba. Inda nake ganin tatsuniyarmu ta gaza ta Simeulue shi ne, tamu tana hana yaro zuwa wurin ruwa, amma ba ta gaya masa abin da zai yi idan ruwan ne ya zo wurinsa. Tasu kuwa ta ambaci alama, ta faɗi abin yi, ta nuna inda za a dosa. Ga shi yanzu wayar hannu ta ƙwace hirar dare a gidaje da dama, har Gizo da Ƙoƙi ma sun fara zama baƙi ga yaran birni.

Kayan haɗin irin wannan labari suna nan a hannun masunta da manoman shinkafa na bakin Logon, waɗanda suka san rugugin da ke gabatar ruwa, da yadda launinsa ke juyawa ya yi ja, da kiraruwa da tarkacen da yake fara turowa. Tsofaffin da suka ga ambaliyar 2012 da ta 2022 sun san tudun da ruwa bai hau ba a kowace unguwa, da hanyar da ta fara yankewa, kuma jikokinsu suna zaune kusa da su a tsakar gida da makarantun allo, mafi yawansu ba su taɓa jin sunan tudun ba.