Fashewar faya ba ita ce haihuwa ba

A finafinan talabijin, mai ciki tana tsaye sai faya ta fashe, a ruga asibiti, ta yi ihu sau biyu, jariri ya faɗo tsaf kamar an yi masa wanka. Shi ya sa wasu ke zaton da ganin ruwa haihuwa ta zo.

Ba haka abin yake ba. Kusan mace 1 cikin 10 ce kawai fayarta ke fashewa kafin naƙuda ta kankama. Saura sai ciwo ya yi nisa. Bakin mahaifa kuma sai ya buɗe santimita 10, abin da a haihuwar fari yakan ci awa 12 ko fiye. Yawancin aikin ungozoma ke nan: jira, auna bugun zuciyar ɗan tayi, kwantar wa uwa hankali. Wannan ba ya jan 'yan kallo, sai a yanke shi.

Abin da ya fi damuna shi ne mabiyiya, ba a cika nuna ta ba sam. Takan fito cikin minti 30 bayan jariri, kuma a wannan tsakanin ungozoma ke sa ido sosai, domin zubar jini bayan haihuwa na kan gaba wajen kashe masu jego.