Ma'anar "Dana": Kyautar da Ke Ɗauke da Gidajen Ibadar Mabiya Buddha

Kalmar dana ta fito ne daga harsunan Pali da Sanskrit na tsohuwar Indiya, inda take nufin bayarwa ko kyauta. A bakin mabiya addinin Buddha kuwa, ta ƙunshi duk abin da mutum ya fitar daga hannunsa bisa yardar ransa domin ɗaukar nauyin masu zaman ibada da koyarwar da suke yi. Wanda ya kawo sadaka a ransa bai yi nisa ba, sai dai dana ba ta da nisabi ko ƙayyadadden kaso irin na zakka. A mazhabar Terabada, wadda ta fi ƙarfi a Siri Lanka da Tailan da Myanmar da Lawos da Kambodiya, ita ce ta farko a jerin halaye goma da ake so mutum ya kammala.

Ba a gane nauyin kalmar sai an dubi yadda aka ɗaure hannun mai zaman zuhudu, wanda suke kira bikku. Dokoki 227 ne ke kansa, kuma daga cikinsu an hana shi haƙa ƙasa, an hana shi ajiye abinci ya kwana, an hana shi ci bayan rana ta take tsaka, an hana shi kai wa bakinsa abin da ba a miƙa masa ba, sannan an haramta masa karɓar zinariya da azurfa, wato kuɗi. Mutumin da ba ya noma, ba ya ajiya, ba ya ciniki, dole kowace safiya ya dogara ga jama'ar gari wajen buƙatu huɗu da aka yarje masa: tufa, abinci, makwanci da magani.

Shi ya sa da sassafe ake ganin bikku a jere, ƙafa ba takalmi, kowa rungume da kwanonsa, kamar yadda garin Luang Prabang na Lawos ya shahara da shi. Wannan ya sha bamban da bara ta fuska guda: bikku ba ya buɗe baki ya roƙa, kuma bisa al'ada ba ya yin godiya, domin a ganinsu mai bayarwa ne aka yi wa alfarma da aka ba shi damar samun lada, wadda suke kira punya. Abin da jama'a ke samu a madadin shinkafar da suka zuba shi ne wa'azi, da koyar da natsuwar zuciya, da jagorancin jana'iza, a Myanmar kuma har da makarantun da 'ya'yan talakawa ke karatu kyauta. Ƙarfin wannan alaƙa ya fito fili a shekarar 2007, lokacin da bikku na Myanmar suka kifa kwanoninsu, suka ƙi karɓar abinci daga sojoji da iyalansu, wanda a wurinsu hukunci ne mai tsanani, tunda an rufe wa mutum ƙofar lada ke nan.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Gidan ibada na buƙatar gini da gyara da biyan kuɗin wuta da buga littattafai, alhali mazaunansa ba su da izinin taɓa ko sisi. Tun zamanin Buddha kansa attajiri Anatapindika ya sayi lambun Jeta a birnin Sabatti ya mayar da shi mazaunin masu ibada, kuma kimanin shekara 100 bayan rasuwar Buddha aka yi babban taro a Besali, inda karɓar kuɗi ke cikin batutuwa goma da aka yanke cewa ba su halatta ba. Mafitar da dokokin suka bayar ita ce a sami wakili daga cikin mutanen gari, wanda ake kira kappiya, ya riƙe kuɗin, ya sayo abin da ake buƙata. A Ingila ma tsarin bai sauya ba: gidan ibada na Amaravati, wanda aka kafa a 1984, wata gidauniya ce ta mabiya ke riƙe da dukiyarsa.

Gudummawa mafi girma takan shigo ne a bikin Katina, cikin wata guda bayan kammala zaman damina na wata uku da bikku ke yi a wuri ɗaya. Asalin bikin miƙa ƙyallen tufa ne, amma a Tailan yanzu akan haɗa da ƙananan bishiyoyin ado da aka maƙala wa takardun kuɗi.

Akwai kuma salon zamani da malamin koyar da natsuwar zuciya S. N. Goenka ya yaɗa bayan ya fara koyarwa a Indiya a 1969. Cibiyoyinsa na ba da horon natsuwa na kwana 10 ba tare da karɓar ko kwabo ba, har ci da makwanci, kuma ba a karɓar gudummawa sai daga wanda ya riga ya kammala horon, don haka kowane sabon ɗalibi yana zaune ne a kan kyautar wanda ya gabace shi. A ganina wannan ya fi kusa da ruhin kalmar, domin ya hana koyarwa zama haja.

Sai dai ba ko'ina ake kiyaye dokar hana bikku karɓar kuɗi ba. Bikku da yawa a biranen Tailan suna karɓar ambulan ɗin kuɗi da hannunsu, kuma a 2013 bidiyon wani bikku cikin jirgin sama na alfarma ya tayar da ƙura a ƙasar. Amurka, inda ya tsere, ta mayar da shi gida a 2017, a shekarar da ta biyo baya kuma kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 114 bisa laifukan da suka haɗa da damfarar masu ba da gudummawa da halatta kuɗin haram.