Launin ƙaguwar katantanwa bayan saɓa: abin da ta ci shi ke fitowa a jikinta

Jama'a masu kiwon ƙaguwar nan da ke shiga katantanwa ta maida ita gidanta, akwai tambayar da ta cika zuwa mana a wajen aiki, kusan kullum magana ɗaya ce: wai ƙaguwata ta shige cikin yashi sati da sati, da ta fito sai na ga ta koɗe, ko ciwo ne? Wani ma cewa yake kamar an musanya masa ita. Toh bari in yi bayani, don na sha ganin tsoron nan ya sa mutum ya kashe dabbar da hannunsa, alhali so ne ya kai shi.

Abin da take yi a ƙarƙashin yashin nan saɓa ce, irin yadda maciji ke yi, sai dai tata ta fi wuya nesa ba kusa ba. Ita ƙaguwa ƙashinta a waje yake, ɓawo ne mai tauri da baya miƙewa, in za ta girma dole ta tuɓe shi gaba ɗaya har na ƙafafu da na hannun nan mai kama da awartaki. Ƙarama takan gama cikin 'yan makonni, babba kuwa tana iya kai wata 2 ko 3 a binne. Kafin ta shiga ma za ka ga jikinta ya yi toka-toka, idonta ya dushe, tana yawan zama bakin ruwa tana tone-tone, wannan ba cuta ba ce shiri ne take.

Sabon ɓawon da taushi yake fitowa kuma fari-fari, wani lokacin da ɗan ja-ja kamar fatar jariri, sai ya ɗauki kwanaki yana tauri launin na dawowa a hankali. Saboda haka koɗewar farko-farko ba abin tashin hankali ba ce. Abu na farko da take yi in ta gama shi ne ta cinye tsohon ɓawon, a ciki take maido da kalsiyam ɗin da za ta taurara sabon. Don Allah don Annabi in ka ga abu kamar mushen ƙaguwa a bakin katantanwa kar ka yi saurin jefarwa, sau da yawa saɓar ce, ita tana can ciki a lafe. Wadda ta mutu da gaske warin ruɓaɓɓen kifi take yi, ba sai an faɗa maka ba. Kuma kar ka tona yashi wai za ka duba lafiyarta, duhu da shiru take buƙata, ramin da ta haƙa in ya rufta a kan jiki mai taushi an gama.

Inda na fi son mu tsaya shi ne wadda ta gama taurin, wata ya wuce, amma launin bai dawo ba, saɓa ta gaba ma ta ƙara koɗewa. Nan kam gaskiya sai mu koma kan kwanon abinci. Launin ja da ruwan lemo da ke jikinta yawancinsa daga wasu sinadarai ne da ake kira karotinoyid, kuma jikin ƙaguwa baya iya ƙera su da kansa, sai ta ci ta tara sannan ta zuba a sabon ɓawo. Babban cikinsu shi ne astazantin, shi ne wanda ke sa jatanlande ya koma ja in an dafa, don kafin dahuwa yana ɗaure ne da wani furotin da ke ɓoye jan. Ko tsuntsun filamingo daga abinci yake samun launinsa, in aka hana shi sai ya yi fari. An fi ganin abin ƙarara a irin da ake kira Coenobita perlatus, ja ce jawur mai ɗigo-ɗigon fari daga tsibiran tekun Indiya da Pasifik, in ta daɗe a akwatin gilashi ba abinci mai kyau sai ka ga ta koma ruwan lemo mai wanke-wanke. Ita kuwa Coenobita clypeatus ta yankin Karibiyan, mai babban hannu shunayya, takan ƙara duhu ne da shekaru in tana samun kulawa.

A inda take rayuwa a bakin teku ba abin da ba ta ci, 'ya'yan itace da suka faɗo, busasshen ganye, ɓawon itace, mushen kifi, ciyawar teku, kaga kenan garin abincin kanti na kwalba iri ɗaya kullum ba zai taɓa isarta ba. A ba ta jatanlande busasshe marar gishiri, ko ƙananan nan da ake kira kiril, a haɗa da karas da gwanda da mangwaro da kabewa da jan tattasai marar yaji, da ɗan garin sifirulina, wata irin gansakukar ruwa da ake busarwa, in an samu, a riƙa sauyawa don ita kanta ta fi ɗokin abin da ba ta ci jiya ba. Dafaffen ƙwai ko kifi marar kayan haɗi ya ishe ta furotin, ƙwanson ƙwai da aka tafasa aka daka kuma kar a rasa shi a ciki ko yaushe saboda kalsiyam. Da yamma ake sa abinci tunda da dare take fitowa, da safe a kwashe ragowar kar ya yi fumfuna. Ni dai shawarata duk abincin kanti da ka ga an rubuta yana ɗauke da sinadarin tagulla ka bar shi, tagulla guba ce ga dangin ƙaguwa, haka ma ganye ko 'ya'yan itacen da aka yi wa feshin maganin ƙwari, don abin da ke kashe ƙwaro yana taɓa ta.

Sai dai fa abinci kaɗai baya gyara saɓa in wurin zama ya lalace. Laima ta zauna tsakanin kashi 70 zuwa 80 cikin 100 don irin abin numfashin kifi gare ta, in ya bushe shaƙewa take a hankali, zafi kuma wajen digiri 24 zuwa 29, yashi mai ɗan danshi zurfinsa aƙalla santimita 15 ko ninkin tsayin babbar ƙaguwar da ke ciki sau 3. Ruwa kwano biyu, ɗaya mai daɗi da aka cire wa kulorin, ɗaya na gishirin teku irin na masu kiwon kifin teku, banda gishirin girki.

Kuma a yi haƙuri, in ka gyara abinci yau ba gobe za ka ga ta yi ja ba, ɓawon da take ciki an riga an gina shi, sai saɓa ta gaba ko ta bayanta, babbar ƙaguwa kuwa tana iya shekara ko fiye kafin ta sake. Wasu ma da ma can haka launinsu yake, kamar Coenobita compressus da ake samu da kala-kala, daga ruwan ƙasa har mai kore-kore, kar ka ce sai ta yi kama da ta wani. Ka ɗauke ta hoto da rana a wuri ɗaya kafin ta shiga yashi, ka sake ɗauka wata guda bayan ta fito, ka rubuta abin da ka ba ta a tsakani, da wannan za ka zo mana in koɗewar ta ci gaba.