Gwamnatin Haɗakar "Kenya" a Jihar Saxony-Anhalt (2016–2021)

Gwamnatin haɗakar Kenya ita ce gwamnatin da jam'iyyu uku, wato CDU ta masu ra'ayin riƙau, da SPD ta 'yan gurguzu masu sassaucin ra'ayi, da Die Grünen mai rajin kare muhalli, suka kafa a jihar Saxony-Anhalt da ke gabashin Jamus a watan Afrilun 2016. Sunan ba shi da alaƙa da siyasar ƙasar Kenya. Jamusawa sun saba kiran jam'iyyu da launinsu: CDU baƙi, SPD ja, Die Grünen kuma kore, launukan da ke jikin tutar Kenya. Wannan ne karo na farko da jam'iyyun uku suka mulki wata jiha tare a Jamus.

Tilas ce ta haifi wannan ƙawance. An yi zaɓen majalisar dokokin jihar ranar 13 ga Maris 2016, a daidai lokacin da batun kwararar 'yan gudun hijira ya raba kan Jamusawa. Jam'iyyar AfD mai adawa da shigowar baƙi, wadda ba ta da ko kujera ɗaya a majalisar da ta gabata, ta zo ta biyu da kashi 24.3 cikin ɗari. CDU ta samu kashi 29.8. SPD ce ta fi shan kashi, domin rabin ƙuri'unta sun zube, daga kashi 21.5 a 2011 zuwa 10.6. Die Grünen da ƙyar ta tsallake shingen kashi 5 da doka ta gindaya kafin jam'iyya ta samu kujera, jam'iyyar FDP mai goyon bayan 'yan kasuwa kuwa ta tsaya a 4.9, ta rasa komai.

Daga cikin kujeru 87, CDU ta samu 30, AfD 25, Die Linke 16, SPD 11, Die Grünen 5. Ana buƙatar 44 kafin a samu rinjaye, alhali CDU da SPD da ke mulki tare tun 2006 suna da 41 ne kacal. CDU ta riga ta ce ba za ta haɗa gwamnati da AfD ba, ba kuma da Die Linke ta masu tsantsar ra'ayin gurguzu ba. Ba wata ƙofa da ta rage sai ta masu kujeru biyar.

Tun ranar farko aka ga tsaga a bango. Da majalisa ta zauna a Magdeburg, babban birnin jihar, ranar 25 ga Afrilu don zaɓen firimiyan jihar, Reiner Haseloff na CDU ya samu ƙuri'a 41 a zagayen farko, duk da cewa ƙawancensa na da kujeru 46. Da yake ƙuri'ar ta sirri ce, waɗanda suka juya masa baya sun sulale ba a kama su ba. Sai a zagaye na biyu ya haye da ƙuri'a 47.

A rabon muƙamai CDU ta riƙe mafi yawan ma'aikatu, ciki har da harkokin cikin gida a hannun Holger Stahlknecht, da kuɗi, da shari'a, da ilimi. SPD ta samu biyu: ƙwadago da walwalar jama'a ƙarƙashin Petra Grimm-Benne, sai tattalin arziki da kimiyya. Die Grünen ta tashi da ma'aikata ɗaya tak, amma mai nauyi, ta muhalli da noma da makamashi, aka ba Claudia Dalbert. Manoma da yawa ba su ji daɗin hakan ba, ganin jam'iyyar da ke sukar noman zamani ita za ta riƙe musu ragama.

Rikici mafi tsanani ya taso a Disamban 2020, a kan santi 86 na kuɗin Yuro. An so a ƙara kuɗin da kowane gida ke biya duk wata don kafafen yaɗa labarai na jama'a daga Yuro 17.50 zuwa 18.36, kuma sai majalisun jihohin Jamus 16 duka sun amince. 'Yan majalisar CDU na jihar suka ƙi, AfD ma ta ƙi, aka fara fargabar ganin su a layi guda. Da Stahlknecht ya furta a wata hira cewa CDU za ta iya mulki ita kaɗai ba tare da rinjaye ba, Haseloff ya sallame shi ranar 4 ga Disamba, sannan ya janye ƙudurin don kada a kaɗa ƙuri'a. Daga baya, a Agustan 2021, Kotun Tsarin Mulki ta Tarayya ta tabbatar da ƙarin.

Gwamnatin ta kai ƙarshen wa'adinta. A zaɓen 6 ga Yuni 2021 CDU ta samu kashi 37.1, Haseloff ya ajiye Die Grünen ya ɗauko FDP tare da SPD. Kafin nan, a 2019, jihohin Brandenburg da Saxony sun riga sun kafa irin wannan haɗaka.