Mene ne "kyakkyawan tunani" da masu rage ƙiba ke yawan faɗa?

Duk wanda ya shiga harkar rage ƙiba, ko a wurin motsa jiki ko a hannun masu tallar shayin rage teɓa, sai an ce masa ya zama mai kyakkyawan tunani. Maganar ta yawaita har ta zama kamar gaisuwa. Sai dai abubuwa biyu ake cusawa a ƙarƙashin wannan suna, ɗaya yana tura mutum gaba, ɗayan kuwa yana kwantar da shi.

Na farko shi ne mutum ya yarda zai iya. Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Stanford da ke Amurka, ya yi bayaninsa a 1977: gwargwadon yadda mutum ya yarda da iyawarsa, haka yake fara aiki, haka kuma yake dagewa idan ya sha wuya. A wajensa, babban abin da ke gina wannan yarda shi ne nasarar da mutum ya taɓa samu da kansa, komai ƙanƙantarta. Matar da ta yi sati biyu ba ta sha lemun kwalba ba tana da hujjar cewa za ta iya sati na uku. Wannan hujja ta fi kirari ɗari a gaban madubi.

Na biyu mafarkin ido biyu ne. A 1991 masana halayyar ɗan Adam Gabriele Oettingen da Thomas Wadden suka wallafa binciken da suka yi kan mata 25 masu ƙiba da ke cikin wani shirin rage nauyi a Amurka. Bayan shekara guda, waɗanda tun farko suka sa ran za su yi nasara sun fi raguwa. Amma waɗanda suka riƙa hango kansu sun zama sirara cikin sauƙi, abinci ba ya ko ba su sha'awa, an bar su a baya da kusan kilo 11 idan aka kwatanta da masu hango wahalar da ke gaba. Bayanin Oettingen shi ne, zuciya tana ɗanɗana daɗin nasarar tun ba a samu ba, sai jiki ya yi sanyi.

Shawarar Oettingen ita ce ka hango abin da kake so, nan take kuma ka tambayi kanka me zai tare ka. A nan dabarar wani masanin halayyar ɗan Adam, Peter Gollwitzer, take shigowa, wato yanke shawara tun kafin lokaci da kalmomin "idan" da "to". Idan na je bikin nan ranar Asabar aka ajiye mini shinkafa da alkaki da dubulan, to zan ci faranti ɗaya, in ƙulle sauran in kawo wa yara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Inda nake ganin kyakkyawan tunani ya fi amfani shi ne ranar da aka zame. Tun a shekarun 1970 masanin halayyar ɗan Adam Peter Herman da abokan aikinsa, daga baya tare da Janet Polivy a Jami'ar Toronto, suka lura da wani abu: idan aka ba masu ƙayyade abinci wani abin sha mai zaƙi da maiƙo, suka ga sun riga sun karya doka, sai su ci fiye da waɗanda ba a ba su komai ba. Tunanin shi ne tunda an ɓata, a ƙarasa ɓatawa, a sake sabon lale ranar Litinin (Litinin ɗin da ba ta cika zuwa ba). Mai kyakkyawan tunani yana ɗaukar masa biyar ɗin da ya ci da safe a matsayin masa biyar kawai, ba shaidar cewa shi rago ne ba. Da rana ya koma tsarinsa.

Tunani dai ba ya ƙona kitse. Gado, ƙarancin barci, wasu magunguna da ciwon da ke taɓa sinadaran jiki duk suna da hannu a ƙiba, kuma rashin adalci ne a ce wa mai fama da su zuciyarsa ce ba ta da ƙarfi. Abin da tunani ke iya gyarawa shi ne girman burin. A wani babban bincike kan rigakafin ciwon suga da aka fitar a Amurka a 2002, an nemi mutane su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma motsa jiki minti 150 a sati. Haɗarin kamuwa da ciwon ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ga mai kilo 90, wajen kilo 6 ke nan, da tafiyar rabin awa kwana biyar a sati.